Kicin da wanki a cikin siririn jirgi: me za mu saya, me za mu haƙura da shi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Ni da maigida mun sayi siririn jirgin ruwan nan da ake zama a cikinsa a kan kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, domin kuɗin haya a Milton Keynes ta Ingila ya fi ƙarfinmu. Tsawonsa ƙafa 57, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 daga waje, cikin kuwa bai kai haka ba. Ba mu kama wuri a marina, wato tashar ajiye jirage, ba, lasisin masu yawo muka yanka wurin Canal & River Trust mai kula da kanal, wato duk kwana 14 sai mun ɗaga mun yi gaba a kan kanal ɗin Grand Union. Wutar gari babu ke nan.

Abin da muka tarar a ciki: batir huɗu masu amp 110 kowanne, irin na da masu dalma, inbata mai wat 1,600, sola wat 300 a rufi, tankin ruwa lita 500, tsohon murhun gas mai kai biyu, sai murhun itace na ɗumama ɗaki. Firji ya mutu, injin wanki babu. Mu uku ne da yaro wanda bai daɗe da fara tafiya ba, kun san wankin yara. Ina son firji, firiza, injin wanki, kukar gas mai obin, injin markaɗe da na'urar nan ta suya da iska mai zafi. Maigida ya ce rabin wannan ma ba zai yiwu ba. Don Allah wanne ne dole, wanne ne zan cire rai?

Hajiya Leicester:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya sanya albarka, ya sa an shiga a sa'a. Ni dai hankalina yana kan yaron nan da ruwa, a kula. Batun kaya kuwa, firiza kada ki bari a hana ki. Naman halal ba a kowane ƙauyen Turawa ake samu ba, in kin je kin saya sai kin ajiye.

Injiniya Zazzau:
Barka da arziki Maman Hanif. Kafin a ambaci sunan kowace na'ura, a yi lissafin wuta, domin shi ne zai yanke hukunci. Batir huɗu sau 110, amp 440 ke nan. Amma batirin dalma ba a shanye shi ƙasa da rabi, in ana yi ba zai daɗe ba. Abin da kike da shi na gaskiya amp 220 ne, wajen kilowat 2.6 na awa ɗaya. Daga nan za a ci fitilu, famfon ruwa, cajin waya, da duk abin da kika lissafa.

Abu biyu ake dubawa a kowace na'ura: ƙarfin da take ja, da tsawon lokacin da take ja. Injin markaɗe mai wat 600, in kika yi minti biyu kina markaɗa tumatir da tattasai, bai ci amp 2 ba. Saya ki huta. Na'urar suya mai wat 1,500 a minti 20 za ta iya cin amp 40 ko fiye, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kike da shi a yini. Firji kuma ba ya ja da yawa, sai dai ba ya barci, dare da rana yana ci, amp 30 zuwa 50 a kullum gwargwadon zafin gari da yawan buɗe shi. Ƙa'idata ita ce duk abin da aikinsa kawo zafi ne a ba gas ko itace, lantarki a bar wa abin da yake juyawa ko sanyayawa.

Baba Mai Jirgi:
Salamu alaikum. Na daɗe ina zaune a jirgi a wajejen Braunston, kuma abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Amma ni da tef ɗin awo zan fara, ba da batir ba. 'Yata, ki auna ƙofar baya, ki auna ta gaba, ki auna tagar gefe in akwai, sannan ki auna lungun da ake bi ta gefen banɗaki. Ki lura kuma bangon jirgi ba a miƙe yake ba, daga tsakiya zuwa sama yana shigowa ciki, kuma akwai gaɓar da ta fito ƙarƙashin tagogi. Injin wanki na gida faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa 85. Jirage da yawa ba ya shiga ƙofarsu, wanda ya shiga kuma sai ya maƙale a lungu. Na ga maƙwabci da aka sauke masa sabon inji a bakin kanal, ya kwana a waje cikin ruwan sama, washegari aka mayar.

Sai nauyi. In kika jera firji, kuka da injin wanki duk a ɓangare guda, jirgi zai karkata, ki ga mai yana taruwa a gefe ɗaya na kasko. Ana gyarawa da bulo ko ƙarfe a ɗaya gefen, amma gara a raba tun farko.

Abban Sola Kano:
Ina bin ku daga gida. Injiniya ranka ya daɗe, mu nan aikinmu ke nan kullum. Me zai hana ta ƙara fanel kawai? Rufin ƙafa 57 ai zai ɗauki wat 1,000 ba wahala. Ta sa firjin gida na yau da kullum a kan inbata, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Injiniya Zazzau:
Abba, ranar Kano daban, ta Ingila daban. Daga Afrilu zuwa Satumba maganarka daidai ce, wat 600 ma zai riƙe ta har da wanki. Amma a Disamba rana ba ta kai awa 8 a sama, tana can ƙasa-ƙasa, ga gajimare, ga bishiyoyin bakin kanal. Abin da fanel zai bayar yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na lokacin zafi. A watannin nan injin jirgi ne zai caja batir, da dizal. Kuma akwai sharaɗi a lasisi: ba a tayar da inji ko janareta a inda aka ɗaure jirgi daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wanda ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, yaushe zai yi caji? A kan Disamba ake yin lissafi, ba a kan Yuni ba.

Batun firjin gida kuwa ban ƙi ba gaba ɗaya. Na zamani ba su da ci sosai, kuma kuɗinsu bai kai rabin na bolt 12 masu aiki kai tsaye da batir ba. Matsalar ita ce dole inbata ta kwana a kunne, ita ma tana cin nata ko ba a aiki da ita. Mai kyau, irin su Victron, abin da take ci kaɗan ne. Tsohuwa mai araha za ta iya shan amp 2 a kowace awa, wato amp 48 a yini, daidai da wani firjin. Maman Hanif, ki duba sunan inbatarku, ki ga ko an rubuta mata cewa tana ba da tsaftatacciyar wuta irin ta gari.

Maman Hanif:
Na duba, babu wannan rubutun, kuma tana yin ƙara in an kunna ta. Baba, na auna: ƙofar baya santimita 56, lungu 53. Tagar gefe ta fi faɗi amma gajeriya ce.

Baba Mai Jirgi:
To kin ga injin gida ya fita daga lissafi. Saura biyu. Akwai ƙaramin inji mai aiki da kansa, irin Candy Aquamatic, wanda jirage da yawa ke da shi. Tsayinsa wajen santimita 70, faɗi wajen 51, yana ɗaukar kaya kilo 3 zuwa 4. Akwai kuma mai baho biyu na roba, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, wanda ke ki ke zuba masa ruwa. Ni mai baho biyu nake da shi, kuma shi nake ba ki shawara. Ba ya dafa ruwa, wat 300 zuwa 400 ya ishe shi, ba ya zaɓen inbata, mace ɗaya za ta ɗaga shi ta sa a wurin wanka. Ruwan da kika wanke fararen kaya da shi za ki wanke masu duhu. A tankin lita 500 wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai aiki da kansa yana shan lita 40 zuwa 50 a wanki guda, kuma in ruwa ya ƙare sai kin kwance jirgi kin tafi famfo, wani lokaci ki tarar da layi.

Anti Nas Luton:
Baba ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Kai kaɗai ne, wankinka riga da wando. Ita tana da goyo, tana aiki, kuma a hunturu ne za ta tsaya kan baho tana ciro kaya daga ruwa tana mayarwa. Mai baho biyu yana son mutum ya tsaya masa daga farko har ƙarshe. Na yi aikin dare da ƙaramin yaro, na san abin da awa ɗaya take nufi ga uwa. Maman Hanif, in da hali ki sayi mai aiki da kansa, ko da za ki fasa wani abu.

Baba Mai Jirgi:
Gaskiyarki Anti, ban musa ba. Amma a faɗa mata kuɗin duka. Ba injin kaɗai za ta saya ba, har da sabuwar inbata.

Injiniya Zazzau:
Haka ne. Injinan da ke da kwakwalwar lantarki ba sa jituwa da inbata irin tata. Wani ya ƙi tashi, wani ya tsaya a tsakiyar wanki, wani allonsa ya ƙone. Sai mai tsaftatacciyar wuta, kuma ni zan ce wat 2,000 zuwa 3,000 don a samu sarari. Sannan abin da ke cin wuta a injin wanki ba juyawar ba ce, dafa ruwan ne. Ƙanana sukan ja wat 1,300 zuwa 1,600 a lokacin, manya 2,000 ko sama. A bolt 12, wat 2,000 ya haura amp 170 da ake zuƙa daga batir a lokaci guda. Batirin dalma huɗu ba za su ji daɗin haka ba.

Dabarar da masu jirgi ke yi ita ce wannan. Irin jirginku yakan zo da tankin ruwan zafi da inji ke ɗumamawa in yana aiki. Sai a sa bawul mai gauraya zafi da sanyi a bututun da ke shiga injin wanki, a saita shi a digiri 30 ko 40, shi kuma injin a sa shi a wankin sanyi. Ruwan ɗumi ya shiga, abin dafawa bai tashi ba. Da ya gama ɗiban farko a mayar da bawul kan sanyi, don kada ɗauraya ta shanye ruwan wanka. Kuma a yi wankin ranar da ake tafiya, inji yana aiki, altaneta tana mayar da abin da ake ci. Tunda dole ku ɗaga duk kwana 14, kuma dole ku je famfo, a haɗa su: a tayar da wanki a hanya, a cika tanki a ƙarshe.

Maman Hanif:
Wannan dabarar ta shige ni. Amma wankin yaro ba zai jira kwana 14 ba, Injiniya.

Anti Nas Luton:
Ba zai jira ba. A hunturu ai kusan kullum za ku tayar da inji don caji, sai ki sa wanki a lokacin. Barguna da zannuwan gado ki kai shagon wanki na gari, wasu marinoni ma suna da injina da ake biya. Abu ɗaya kuma: ruwan wanki da na kwanuka kai tsaye cikin kanal yake zuba. Ki nemi sabulun da ba ya cutar da kifi, kada ki sa bilic. Kayan da najasa ta taɓa ki fara ɗauraye su a bokiti, ki zuba ruwan a masai, a kai shi wurin zubar da najasar jirage da ake kira Elsan tare da sauran.

Hajiya Leicester:
Duk kun manta da shanya. A ina za ta shanya? Ni ko a gida mai hawa biyu shanya tana ba ni wuya a ƙasar nan.

Baba Mai Jirgi:
Hajiya kin taɓo inda yake ciwo. Na'urar busar da kaya a manta da ita, tana cin wat 2,000 ko fiye na awa ɗaya ko biyu, sai mai zama a marina da ke da soket na amp 16. Abin da ke taimako shi ne ƙaramin injin matsewa mai tsayuwa shi kaɗai, mai gudun 2,800 a minti. Wat 300 ne, minti uku ya gama, kaya su fito kusan a bushe. Daga nan a rataye kusa da murhun itace, ba a kansa ba, a buɗe taga kaɗan. In ba a buɗe ba ruwan da ya bar kayan zai koma kan tagogi da bayan katako, sai fumfuna. Da zafi kuwa igiya a baya ko a gaban jirgi ta wadatar.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida manya. Ni a Faransa nake, jiragen kanal na nan faɗinsu ya haura mita 5, kicin ɗinsu kamar na gida. Na ku na Ingila sai haƙuri. Tambayata guga. Shaddar maigida ta Juma'a fa? Me zai hana dutsen guga na gawayi irin na gida, ba ruwansa da batir?

Anti Nas Luton:
Don Allah a'a. Ɗan'uwa na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma kada a kunna gawayi a buɗe cikin jirgi, ko na guga, ko kurfoti, ko kaskon turaren wuta. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. A tsakar gida iska tana kwashe ta. Jirgi kuwa akwatin ƙarfe ne mai ƙaramin ciki, kuma yaro ya fi babba saurin kamuwa. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci, mutum ya ɗauka mura ce ya kwanta. An yi asarar rayuka a jiragen ƙasar nan ta wannan hanya, shi ya sa tun Afrilun 2019 dokar Boat Safety Scheme ta wajabta ƙararrawar wannan iska a jirage masu ɗaki. Maman Hanif ki sa biyu, ɗaya kusa da inda kuke kwana, daidai tsayin kan mai barci. Kuma ramukan iska da ke rufi da ƙofofi, komai sanyi kada a toshe su da tsumma. Turare ki nemi kasko na lantarki, ƙarami ne ba ya ci.

Ɗan Damagaram:
Na gode Anti, Allah ya saka. A bar gawayi.

Injiniya Zazzau:
Guga a yi ta da ƙaramin ayan na matafiya, wat 1,000 ko ƙasa, lokacin da inji ke aiki.

Mu koma kicin, don gas ɗin ya fi komai buƙatar natsuwa. Gas na tukunya ya fi iska nauyi. A gida in ya zuba yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, a jirgi kuwa gangarawa yake ƙasan jirgin ya taru kamar ruwa a ƙwarya, yana jiran tartsatsi. Saboda haka kowane kan murhu ya kasance da abin da ke yanke gas in wuta ta mutu. Kukar gida mai faɗin santimita 50 tana shiga jirage da yawa, amma an yi ta ne don gas na bututun gari, sai an canza mata ƙananan bakunan da gas ke fita zuwa na gas ɗin tukunya, kuma ba kowace ce ke karɓar canjin ba. A tambaya kafin a biya. Akwai kuma na Thetford da Dometic da aka yi don jirage da motocin kwana, masu kunnawa da bolt 12. Tunda jirgin gidanku ne, mai rajistar Gas Safe ta masu aikin gas wanda takardarsa ta haɗa da jirage shi zai haɗa, ba maigida ba, ba aboki ba. Gas ɗin kuma furofen za ku saya, mai kilo 13. Butan yana daina tashi in sanyi ya kusa daskarar da ruwa.

Hajiya Leicester:
Ni abin da zan ƙara, ki ɗauki tukunyar tuwonki ki tafi da ita shagon. Da gaske nake. Murhunan nan ƙanana an yi su ne don tukwanen Turawa. Mai kai huɗu a ƙaramin fili, in kika ɗora tukunyar tuwo ta rufe biyu, ta miya ta rasa wurin zama. Mai kai uku da tazara ya fi miki amfani, kuma ki tabbata ɗaya yana da wuta mai ƙarfi. Tuƙin tuwo kuma yana son murhun da aka ɗaure da kyau, ba mai rawa ba. Ki sayi tukunyar matsi, wake da ganda da ƙafar saniya su nuna a sulusin lokaci, gas ya yi auki, tururi ya ragu a ɗaki.

Baba Mai Jirgi:
Hajiya ta gama magana. Kuma daga Oktoba zuwa Maris murhun itacenku yana ci dare da rana, samansa murhu ne na kyauta. Miya, wake, ruwan shayi, duk a can nake ɗorawa. Azumi yanzu a watannin sanyi yake faɗowa, kuma da sahur ba damar tayar da inji, to abincin da aka bari a gefen murhun a rufe ya fi kowace na'urar ɗumama abinci. Gas da gawayin murhu da dizal kuma akwai jiragen da ke yawo suna sayarwa a kan Grand Union, har gefen jirginki za su tsaya.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka. Ga inda muka tsaya: kuka mai kai uku da obin, mai rajista ya haɗa. Firji na bolt 12. Injin markaɗe da tukunyar matsi. Na'urar suya na haƙura, obin zai yi. Injin wanki mun bi Anti Nas, ƙarami mai aiki da kansa, amma sai mun tara kuɗin inbata, kafin nan shagon wanki da bokiti. Firiza ce har yanzu muke ja.

Injiniya Zazzau:
Firjin in za a haɗa, a kula da kaurin waya. Ƙa'idar masu yin kwamfuresar firjin ita ce milimita murabba'i ɗaya ga kowace mita tsakanin batir da firji. Mita 10, waya mai lamba 10. In ta yi siriri wuta tana raguwa a hanya, firji ya riƙa yunƙurin tashi yana kasawa alhali batir da sauransa. A bar masa sarari a baya, in an huda ƙasa a bayansa iska mai sanyi ta ƙasan jirgi ta riƙa hawowa, cinsa zai ragu. Shoreline da Inlander duk suna yin na bolt 12 a ƙasar nan, akwai masu ɗan akwatin ƙanƙara a sama.

Firiza daban kuwa, da batiran nan, ban goyi baya ba. Wani amp 40 zuwa 50 ne a kullum. Firji da firiza da fitilu da famfo sun kai 130 ko fiye, a Disamba kuwa awannin inji ne masu yawa kowace rana. In kun koma batirin litiyam wata rana a sake magana, shi ma da sharaɗin ba a caja shi in sanyinsa ya kai sifili.

Hajiya Leicester:
Injiniya, ni lissafinka ban iya ba, amma na iya ciyar da gida. Akwatin ƙanƙaran nan kaza ɗaya da rabin kilo na nama ya cika. In suna can wajen ƙauye, mota tana nesa, me yaron zai ci?

Baba Mai Jirgi:
Hajiya, tsakanin Leighton Buzzard da Milton Keynes ba su yi nisa da mahauta ba, Bletchley ma akwai shagunan halal. Sayen mako-mako zai yi. Kuma rabin kayan miyarmu ba ruwansu da sanyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, banda, kilishi. Abokin gabarsu a jirgi laima ce, a zuba su a kwalabe masu murfin roba. Nama a soya shi ya bushe irin na layya, ya daɗe a firji. Albasa da dankali a sa a akwati ƙarƙashin dakali, inda ƙarfen ke taɓa ruwa, wurin yana da sanyi ko da zafi.

Hajiya Leicester:
Ban da doya, Malam. Doya ba ta son sanyi, cikinta baƙi yake yi ta lalace, a bar ta a ɗaki. Firiza kuma ban janye ba. 'Yata, ga abin da za a yi: akwai wuri a tawa, babba ce. Ki sayi namanki da yawa in kin samu da araha, ki kawo, duk sanda maigida ya biyo ta babbar hanyar M1 ya ɗaukar miki na mako biyu. In hunturun farko ya wuce kun ga yadda batiran suka yi, sai ki yanke shawara.

Maman Hanif:
Na karɓa Hajiya, Allah ya ƙara girma. Baba, in kai ma ka huda bayan firjinka kamar yadda Injiniya ya faɗa, in ba damuwa a turo mini hoton wurin, maigida yana son ya gani kafin ya taɓa katakon.

Baba Mai Jirgi:
Zan ɗauka gobe da rana in turo. Ki ce masa ya fara ɗaga katako ɗaya ya leƙa, domin wasu jiragen bututun ruwa da na gas ta nan gefen suke bi.